Daga Mari Zuwa Ƙwaya: Tarihin Maganin Taɓin Hankali

Da wuya a sami unguwar da ba ta da gida mai ɗakin da ba a son baƙo ya leƙa. Mun taso muna jin manya na cewa "wane ba shi da lafiya" da murya ƙasa-ƙasa, kuma mun san abin da suke nufi. Wasunmu sun taɓa ganin mari a ƙafar ɗan'uwa, wasu a bakin kakanni suka ji labarin turu. Wasunmu kuma su ne a yau ke zuwa kemis duk ƙarshen wata su sayo ƙwayoyi, ko su raka yaya ko ƙanwa asibiti a yi mata allurar wata-wata. Tsakanin wancan marin da wannan ƙwayar akwai tarihi, kuma bai yi nisa ba. Akwai tsofaffi a raye yau waɗanda lokacin da aka haife su babu likita ɗaya a duniya da ke da maganin da zai kwantar wa mutum da muryoyin da yake ji a kansa, in ban da magungunan sa barci.

Waiwaye adon tafiya ne. Gardamar da muke yi a gidajenmu, ko a ci gaba da ba shi maganin, ko a daina tunda ya warware, ko maganin ne ma ke mayar da shi wani iri, duk an yi ta a wasu ƙasashe kafin mu, kuma an ga inda kowace hanya ta ɓulla.

Cuta biyu da muke kira da suna ɗaya

A bakinmu duk hauka ne. Likitoci kuwa sun raba. A 1899 wani likitan Jamus, Emil Kraepelin, bayan ya shafe shekaru yana rubuta yadda ciwon kowane majinyaci ke farawa da yadda yake ƙarewa, ya ce manyan cututtukan iri biyu ne. Na farko yakan kama mutum a ƙuruciya: ya riƙa jin muryoyin da babu mai jin su, ya yi imani da abin da babu shi, kamar cewa ana bibiyarsa ko an sa masa guba a abinci, maganarsa ta warwatse, ya janye daga mutane. Wannan shi ne ciwon da Eugen Bleuler na ƙasar Siwizalan ya raɗa wa suna sikizofireniya a 1908. Na biyu zuwa yake yi ya tafi. Wani lokaci mutum ya hau sama, ba barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, yana jin babu kamarsa. Wani lokaci ya faɗo cikin baƙin cikin da ko tashi daga shimfiɗa ba ya iyawa. A tsakani kuma lafiyarsa ƙalau. Shi ake kira baifola a yau, wato ciwo mai gaɓa biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin 300 na da na farkon, kimanin mutum miliyan 24 ke nan, na biyun kuwa ya shafi mutum miliyan 40 a 2019.

Kraepelin ya iya raba cututtukan, amma bai da abin da zai ba masu su.

Zamanin da babu ƙwaya

Turai ma ta san mari. A ƙarshen ƙarni na 18 ne Jean-Baptiste Pussin da likita Philippe Pinel suka fara kwance majinyata daga sarƙa a asibitocin birnin Paris. An cire ƙarfe daga ƙafa, sai aka gina katanga. Manyan gidajen ajiye masu taɓin hankali suka yi ta yawa, ana shiga, kaɗan ke fita. A 1955 asibitocin gwamnati na Amurka kaɗai na riƙe da mutum kusan 559,000. A Nijeriya Turawan mulkin mallaka sun buɗe irin wannan gida a Yaba da ke Legas a 1907, suka kafa dokar tsare mahaukata a 1916, kuma da yawa daga cikin marasa lafiyar a gidajen yari aka riƙa ajiye su.

Rashin magani ya sa likitoci gwada abubuwan da za su ɗaga mana hankali a yau. A 1933 Manfred Sakel ya fito da hanyar ɗura wa majinyaci insulin har sukarin jininsa ya faɗi ya yi dogon suma, a farfaɗo da shi, gobe a sake. A 1935 Egas Moniz na Fotugal ya fara tiyatar yanke wasu jijiyoyi na gaban ƙwaƙwalwa. An yi wa dubban mutane, da yawa suka koma ba su da kuzari ba su da azanci har ƙarshen rayuwarsu, amma duk da haka an ba shi kyautar Nobel a 1949. A 1938 wasu likitocin Italiya biyu, Cerletti da Bini, suka fara amfani da wutar lantarki a kai. Cikin waɗannan hanyoyi wannan ce kaɗai ta rayu, domin tana aiki ga wasu majinyata, kuma yanzu galibi sai an sa mutum barci ake yin ta.

Maganin da ba shi aka fita nema ba

Asalin ƙwayar da ta canza al'amari daga masana'antar rini yake. A 1876 wani masanin sinadarai a Jamus ya haɗa wani shuɗin rini na tufafi. Daga baya aka gano rinin na kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sai masu bincike suka duƙufa kan danginsa. Kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa bai sami maganin zazzaɓin da yake nema ba, ya dai sami magungunan borin jini masu sa gyangyaɗi.

Wani likitan tiyata na sojan ruwan Faransa, Henri Laborit, wanda ya yi aiki a Bizerte ta Tunisiya, shi ya lura da abin da wasu ba su lura da shi ba. Damuwarsa ita ce yadda jikin majinyaci ke rikicewa, jini ya faɗi, bayan an yi masa aiki. Da ya ba su ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, sai ya ga sun natsu, fargabar wuƙa ta bar su. Ya nemi kamfanin ya samo masa wanda ya fi wannan ƙarfi. A watan Disamba na 1950 Paul Charpentier ya haɗa wani sinadari da aka ba lamba 4560 RP, wanda aka sa wa suna kulofuromazin. Laborit ya gwada, ya ga majinyaci na nan a farke, yana amsa tambaya, amma bai damu da abin da ke faruwa a kewayensa ba. Ya yi ta matsa wa abokan aikinsa likitocin ƙwaƙwalwa su gwada.

Ranar 19 ga Janairu 1952, a asibitin soja na Val-de-Grâce da ke Paris, aka yi wa wani saurayi ɗan shekara 24 allurar. Ciwonsa ya hau sama, an rasa yadda za a yi da shi. Ya kwanta. Bayan kimanin mako uku ana haɗa masa da wasu hanyoyin jinya, aka sallame shi. A cikin shekarar, Jean Delay da Pierre Deniker na asibitin Sainte-Anne suka ba majinyata 38 maganin shi kaɗai, suka bayyana sakamakon. Abin da ya bambanta shi da magungunan barci shi ne muryoyin da kansu suke raguwa, zargin da ya cika zuciya ya sassauta, mutumin da ya yi shekaru bai yi magana mai ma'ana ba ya tambayi labarin gida. Kafin ƙarshen 1952 ya shiga kasuwar Faransa da sunan Largactil. Heinz Lehmann ya gwada shi a Kanada a 1953, Amurka ta amince da shi a 1954 da sunan Thorazine. A 1958 kamfanin Paul Janssen na Beljiyam ya fito da halofaridol, wanda har yau yana cikin waɗanda aka fi bayarwa a asibitocinmu.

An yi shekaru wasu likitoci na cewa ai dabaibayi ne kawai na sinadari. A 1964 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a asibitoci tara na Amurka. Cikin mako shida, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka ba irin waɗannan magunguna sun sami sauƙi sosai. Waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kuwa, ba su kai ɗaya cikin huɗu ba.

Gishirin da ya zo daga Ostireliya

Masu ciwon baifola nasu labarin ya riga wannan da shekara uku. John Cade likita ne ɗan Ostireliya da ya yi zaman fursunan yaƙi a hannun Japanawa a Changi ta Singafo. Da ya dawo gida ya kama aiki a wani asibitin tsofaffin sojoji kusa da Melbourne, yana zaton wata guba ce a jiki ke haddasa hawan ciwon. A wani tsohon ɗakin girki ya riƙa yi wa ɓerayen Masar allurar fitsarin majinyata. Domin ya narkar da wani sinadarin fitsari, sai ya haɗa shi da litiyam, wani ma'adini da ake samu a duwatsu da ruwan gishiri. Dabbobin suka yi laƙwas. Zatonsa game da gubar kuskure ne, amma ya bi abin da idonsa ya gani. Ya fara shan gishirin litiyam da kansa, sannan ya ba majinyata goma masu hawan ciwo. A watan Satumba na 1949 ya wallafa cewa dukkansu sun sami sauƙi.

Labarin majinyacinsa na farko ya kamata mu riƙe. Mutum ne ɗan shekara 51 da ya yi shekara biyar a ɗakin da ake kulle waɗanda suka fi ƙarfin kowa. Cikin makonni ya dawo hayyacinsa, aka sallame shi, ya koma bakin aikinsa. Da ya ga ya warke, ya daina shan maganin. Bayan wata shida aka dawo da shi kamar yadda yake a da. Aka mayar da shi kan litiyam, aka yi ta ƙara masa, kuma a lokacin ba a auna yawansa a jini. A 1950 gubar maganin ta kashe shi. Mutum ɗaya ya nuna wa duniya haɗari biyu: na barin magani, da na shan sa ba tare da sa ido ba.

Litiyam ya daɗe a gefe. A 1949 wasu masu ciwon zuciya a Amurka sun mutu bayan sun yi amfani da shi a madadin gishirin miya, sunansa ya ɓaci. Ga shi kuma ma'adini ne da babu kamfanin da zai ce mallakarsa ne, don haka babu mai ribar tallata shi. Mogens Schou na Denmak ne ya ɗauki nauyinsa, ya yi gwaji mai tsari a 1954, ya kuma nuna daga baya cewa yana hana ciwon dawowa. Sai a 1970 Amurka ta amince da shi. Har yau yana kan gaba wajen rage kisan kai a tsakanin masu wannan ciwo, da sharaɗin a riƙa gwajin jini, domin yana iya taɓa ƙoda, yana kuma iya jawo maƙoƙo.

Saiwa, da ƙauyukan Aro

Nahiyarmu ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. A Indiya an yi ɗaruruwan shekaru ana ba masu taɓin hankali saiwar wani tsiro mai suna rawulfiya. A 1952, shekarar Largactil, kamfanin Ciba na Siwizalan ya tace sinadarin risafin daga cikinta. Wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, da ya yi aiki a Abekuta, ya wallafa a 1960 cewa masu maganin gargajiya na ƙasar Yarbawa sun daɗe suna dafa saiwar ɗan'uwan wannan tsiro, wanda suke kira asofeyeje, suna shayar da majinyatansu. Ke nan sun riga asibiti gano wani abu na gaskiya. Sai dai ba su da ma'aunin da zai nuna ƙarfin kowane kofi, kuma a wurarensu ma akwai mari. Shi kansa risafin likitocin ƙwaƙwalwa sun bar shi daga baya, saboda yana kayar da jini, ana kuma danganta shi da baƙin ciki mai tsanani.

Abin da ya fi saiwar muhimmanci shi ne abin da Thomas Adeoye Lambo ya yi. Ɗan Abekuta ne, ya yi karatun likita a Ingila, ya dawo a 1954 ya tarar ba a gama ginin asibitin Aro ba. Maimakon ya jira katanga, ya je ya zauna da mutanen ƙauyukan da ke kewaye, suka yarda su ba majinyata hayar ɗaki a gidajensu. Sharaɗinsa shi ne kowane majinyaci ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko kawu, wanda zai dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi wurin likita. Da safe a karɓi magani, sauran yini kuma mutum na cikin jama'a, yana jin hayaniyar kasuwa. Lambo ya kuma yi aiki tare da wasu masu maganin gargajiya, domin ya san majinyatansa sun yarda da su. A Sudan, Tigani El Mahi, wanda ya buɗe asibitinsa a Khartoum ta Arewa a 1949, ya bi irin wannan hanya da malaman addini: maimakon ya hana mutane zuwa wurin shehunansu, ya nemi shehunan su riƙa turo masa waɗanda ke buƙatar likita. Tsarin Aro ya yi suna a duniya, Lambo kuma ya kai har muƙamin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da ƙwayar ta ci

An yi shekara goma ana ba da maganin ba a san yadda yake aiki ba. A 1963 Arvid Carlsson na Siwidin ya nuna cewa yana tare hanyar dofamin, wani sinadari da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. A nan amfanin yake, a nan kuma illar take, domin dofamin ɗin ne ke daidaita motsin jiki. Shi ya sa muke ganin mai shan maganin jikinsa ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba, ko ya kasa zama wuri ɗaya. Wasu bayan shekaru baki da harshe su riƙa motsi da kansu, kuma wannan ba koyaushe yake barin mutum ba. Idan ɗan'uwanmu ya ce maganin na wahalar da shi, gaskiya yake faɗa. Likita na iya rage yawansa, ko ya canza wani, ko ya ƙara abin da zai sassauta jiki, amma sai an je an gaya masa.

An kuma yi zalunci da shi. A Tarayyar Sobiyat an riƙa tsare masu sukar gwamnati a asibitoci ana ɗura musu halofaridol, lamarin da ya kai ga ficewar ƙungiyar likitocin ƙasar daga ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya a 1983. A Amurka kuwa kuskuren na wani fanni ne. Ganin akwai ƙwaya, ga kuma son rage kashe kuɗi, aka yi ta rufe manyan asibitoci. A 1963 Shugaba Kennedy ya sa hannu kan dokar gina cibiyoyin jinya a cikin unguwanni, amma da yawansu ba a gina ba. Kafin tsakiyar shekarun 1990 waɗanda ke asibitocin gwamnati ba su kai 100,000 ba. Wasu sun koma cikin danginsu sun yi rayuwa. Wasu da yawa, da ba su da mai tuna musu magani ko mai ba su masauki, suka ƙare a bakin titi ko gidan yari. An ba su ƙwayar da ake bayarwa a Aro, ba a ba su ɗan rakiyar ba.

Neman maganin da ya fi bai tsaya ba. Kulozafin, wanda aka haɗa a Siwizalan a 1958, an janye shi daga ƙasashe da dama bayan mutum takwas sun mutu a Finlan a 1975, saboda yana iya cinye fararen ƙwayoyin jini. A 1988 wani gwaji ya nuna cewa cikin waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, kashi 30 cikin ɗari sun sami sauƙi da shi, kashi 4 kacal da kulofuromazin. Aka dawo da shi bisa sharaɗin gwajin jini a kai a kai. Bayansa risfaridon ya zo a 1993, olanzafin a 1996. Waɗannan ba su cika sandarar da jiki ba, amma wasunsu na sa ƙiba da ciwon sukari. Wani babban bincike a Amurka a 2005 ya gano cewa kusan uku cikin huɗu na majinyata sun bar maganin da aka fara ba su kafin wata 18, sabo ne ko tsoho. A watan Satumba na 2024 Amurka ta amince da Cobenfy, na farko cikin shekara saba'in da ba ta hanyar tare dofamin yake aiki ba. Lokaci ne zai nuna matsayinsa.

Inda muke tsaye

Tun 1977, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin farko na magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba, kulofuromazin na ciki. Yana cikin magunguna masu araha. Duk da haka a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, aka kuma gano irin waɗannan gidaje a wasu garuruwa cikin makonnin da suka biyo. Ba duka ne masu taɓin hankali ba, amma akwai su a ciki, kuma mafi yawa danginsu ne suka kai su da hannunsu. Kafin mu zarge su, mu tuna cewa likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma wanda ke ƙauye mai nisa da Barnawa ko Kware ko Dawanau ko Maiduguri sai ya sayar da wani abu kafin ya kai ɗansa. Dokar da ta samo asali daga ta 1916 ma sai a farkon 2023 aka maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta amince cewa majinyaci na da haƙƙi.

Waɗannan magunguna ba sa tumɓuke ciwon, danne shi suke yi, kamar yadda maganin hawan jini ke yi. Wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 65, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon sikizofireniya ya dawo wa kashi 64 cikin ɗari na waɗanda aka cire wa magani, da kashi 27 na waɗanda suka ci gaba. Lokacin da ya fi haɗari shi ne lokacin da kowa a gida ya ce alhamdu lillahi ya warke, kwalbar ta ƙare, ba a sake saye ba. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, El Mahi ya nuna haka tun kafin a haifi yawancinmu.

Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da Lambo ya nema daga kowane gida a 1954 bai wuce wannan ba: mutum ɗaya da zai tsaya. Wanda zai san ranar komawa asibiti, ya lura idan barci ya fara ƙaura, ya saurari ƙorafin rawar hannu ya kai wa likita, ya kuma tabbatar ba a bar ɗan'uwansa shi kaɗai a ɗakin baya ba. Masu sinadarai sun yi nasu tun 1950. A gidaje da yawa namu, wannan mutum ɗayan ake jira.